Hira a Cikin Madubi

Shekarar da aka sayar da zauren da kurame ke taruwa a bayan cocin unguwarsu, Noreen Tierney ji ta yi kamar an sake yi mata rasuwa. Mijinta Vincent bai daɗe da mutuwa ba, kuma a wannan zauren ta fara ganinsa tun tana budurwa. Duk mako tana cikin masu ji a kamfanin ɗinki, tana kallon leɓɓan mutane tana cankar abin da suke faɗa, rabi ta gane rabi ya wuce ta. Ranar Juma'a da yamma ce kaɗai take zuwa inda za ta saki hannuwanta ta yi magana har ta ƙoshi. Sai ga shi rufin ya fara yoyo, cocin ta ce ba ta da ƙarfin gyara, aka garƙame ƙofar da kwaɗo.

Sun gwada wurare. Sun je wani shagon shayi kusa da tashar jirgin ƙasa, amma teburansa a jere suke kamar aji, na gaba ba ya ganin na baya. Sun je wata sabuwar mashaya a tsakiyar Liverpool inda fitilu ja da shuɗi ke juyawa a cikin duhu, alhali mai magana da hannu in ka rage masa haske ka toshe masa baki ne. Sun gwada gidajen juna, falon ya yi kaɗan. Kafin hunturu ya raba, masu zuwa sun ragu, wasu sun koma zaman gida gaban talabijin. Noreen da kanta ta fara jin ƙyuyar fita.

Wanda bai bar ta ta zauna ba shi ne Wilf Okell. Gajere ne mai sanƙo, ya yi ritaya daga maɗaba'a, abokin Vincent ne tun suna makarantar kwana ta kurame, zamanin da ake zane hannun duk yaron da aka kama yana magana da shi. Tsakaninsa da Noreen babu komai sai tsiya da zolaya tun ranar bikinta. Shi ne ya zo wata Juma'a ya danne ƙararrawar gidanta, fitilar falo ta yi ta walƙiya har ta gaji ta buɗe.

"Ke tsohuwa, ɗauko rigar sanyinki," ya ce da hannu. "Kin fara kama da labulen tagar nan."

"Ina za mu?"

"Neman wuri. Ko mu samu, ko mu sha iska."

Iskar ba su sha ba, ruwa suka sha. Suna gangarawa wajen tsohuwar tashar jiragen ruwa sama ta ɓalle, laimar Wilf ta juye ta karye, suka ruga ƙofar da ta fi kusa. Sai da Noreen ta ga hoton fitila da aka jera da ƙananan duwatsu a daɓen bakin ƙofar sannan ta gane inda take. Mashayar Fitilar Matuƙi ce. Nan babanta yake sha in ya tashi daga dako, ita kuwa iyakarta wannan daɓen, duk ranar da uwarta ta aiko ta kiransa. A zamanin mace ba ta shiga babban ɗakin. Ta girma har ta tsufa ba ta taɓa ganin cikinsa ba.

Ta shiga tana karkaɗe ruwa daga gashinta, sai ta tsaya cak. Haske ne ya fara kama ta. A waje gari ya yi duhu kamar magariba, amma a nan wata ƙubba ta gilashi mai launi a tsakiyar rufin tana tara ɗan hasken da ya rage ta zubo shi ƙasa, fitilun tagulla suna ƙara masa. Kantar ta fito tsakiyar ɗakin ta lanƙwasa kamar baka, baƙin katako ne da gwiwoyin hannu suka goge har ya yi santsi. Daga ƙasa zuwa ƙirjin mutum bangon duk tayil ne, kore da ruwan zuma. Daga nan zuwa sama kuwa madubai ne, bango uku cur, kowanne an zana masa furanni da tsuntsaye a gefe an bar tsakiyar fes. Hayaƙin taba ya rina silin ya koma kalar shayi, amma har yanzu ana ganin 'ya'yan inabin da aka fitar a jikinsa. Can ciki akwai ƙananan ɗakunan keɓewa da aka kewaye da katako da gilashi mai hazo. Babanta yakan ce kafintocin da ke ƙawata manyan jiragen fasinja ne suka yi aikin gidan, lokacin da aikin jirgi ya yi musu sauƙi. Ta ɗauka cika bakin mashayi ne kawai.

Wilf ya wuce bakin murhu yana matse hularsa, ita ta nufi kanta. Maigidan ƙato ne mai furfura, fuskarsa a murtuke, yana goge tambulan. Noreen ba ta son amfani da muryarta. Ba ta taɓa jin ta ba, amma ta sha ganin abin da take yi wa fuskokin mutane: wasu su zabura, wasu su kau da kai, yara su yi dariya. Ta daure ta ce, "Shayi biyu." Mutumin bai zabura ba. Bakinta ya kalla, ya gyaɗa kai, ya juya. Abin ya ɗan ba ta mamaki, amma ba ta tsaya a kansa ba, don a daidai lokacin ta ɗaga ido ta hango Wilf a madubin da ke bayan kwalabe. Yana can bayanta yana ɗaga hannuwa, ya tabbata ba ta ganinsa.

"Dubi marowaciya," yake cewa. "An shigo gidan giya ana sayen shayi."

Ba ta juya ba. Ta ajiye jakarta ta ɗaga hannuwa a gaban madubin. "Na gan ka, sanƙo. Mai son giya ya taso ya saya da kansa."

Wilf ya saki baki. Ita ma sai da ta gama ba shi amsa ta gane abin da ya faru. Tun da take, in ta juya wa mutum baya magana ta ƙare ke nan, sai an taɓa ta ko an zagayo. Yau ga ta a tsaye, bayanta na wajensa, suna hira.

Shayin ya huce ba su sha ba. Wilf ya koma wannan kusurwa ya yi magana, ta gan shi. Ya laɓe bayan ginshiƙi, madubin gefe ya miƙa shi ga na gaba, ta gan shi. Ya buga ƙafa a daɓen katako daga can ƙarshen ɗakin, ta ji bugun a tafin ƙafarta ta waiwayo. Wasu tsofaffin 'yan dako da ke zaune a ɗaya gefen kantar suka bar giyarsu suna kallon wannan ɗan tsoho da ke zagaye ɗaki yana ɓuya kamar yaro.

"Wanda ya gina gidan nan kurma ne," in ji Wilf da ya dawo yana haki.

"Ko kuma mai son kallon kansa."

"To Allah ya saka masa, ko ma wane ne."

Juma'ar da ta biyo suka zo su shida. Ta gaba sun fi goma, har da ƙawarsu Bridie, wadda ta yi wata biyu ba ta leƙo waje ba. Ba sai sun matsa tebura sun yi da'ira ba. Kowa ya zauna inda ya ga dama, a bencin fata na jikin bango ko a bakin murhu, hira tana tsallake ɗakin ta sama da kawunan masu ji. Mutum yana layin kanta yana bin labarin da ake bayarwa a bayansa, har ya sa baki. Gulma ce kawai ta yi wuya, don babu inda za ka ɓoye hannunka. Noreen takan koma gida kafaɗunta na ciwo saboda surutu, ta kwanta ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba.

Maigidan, Len Molyneux, bai kore su ba, bai kuma yi musu maraba ba. Yakan zuba musu abin da suka nuna, ya karɓi kuɗi, ya koma can ƙarshen kanta. Ko sau ɗaya bai kalle su ido da ido ba. Amma Noreen ta lura in ya juya yana jera kwalabe, idonsa na cikin madubi a kan hannuwansu, da wani irin kallo da ta kasa fassarawa. Ba raini ba ne, ta san raini sarai.

Ta lura da wasu abubuwan kuma, don mai karanta leɓe ba ya iya hana kansa. 'Yan dakon nan suna ƙorafi a kansa. Babbansu, wani mai jan hanci da ake kira Dougie, wanda ya fi shekara talatin yana zama a kujera ɗaya, shi ya fi kowa.

"Len ya zama sarki yanzu," ta gan shi yana faɗa wa na kusa da shi. "Sai ka kira shi sau uku. Ka ce baƙar giya, ya zubo maka fara. Tun da matarsa Marjorie ta mutu ya daina ganin mutane da gashi."

Wata Juma'a abin ya fashe. Len yana tsugune yana ciro kwalabe, bayansa na wajen mutane, Dougie ya kira shi. Noreen ta ga bakin Dougie ya buɗe, ya sake buɗewa, jijiyar wuyansa ta tashi, mutanen da ke ɗakunan ciki ma suka leƙo. Len bai motsa ba. Dougie ya ɗaga hannu ya daki kantar, sai Len ya zabura ya miƙe.

"Ni za ka mayar mahaukaci?" in ji Dougie. "Ina ta ihu kamar mai kiran jirgi! In ba ka son cinikina ka faɗa mini, mashaya ba ta ƙare a garin nan ba."

"To ka tafi mana," in ji Len, fuskarsa ta yi ja. "Wa ya ɗaure ka?"

Dougie ya ɗauki hularsa ya fita, biyu suka bi shi. Da kuramen suka tashi tafiya, Len ya tare Noreen a bakin ƙofa. Wannan ne karon farko da ya yi mata magana fiye da kalma biyu, kuma ya yi ta a hankali yana fuskantarta, kamar wanda ya san yadda ake yi.

"Ku nemi wani wuri, baiwar Allah. Ba korarku nake ba. Zan mayar wa kamfanin giyar da ya ba ni haya gidansa kafin bazara."

"Me za su yi da shi?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Abin da suka yi wa sauran. A fasa ɗakunan ciki, a sauke madubai, a rataya talabijin."

A bas Wilf yana ta zagin Len da kamfani da duk masu ji na duniya. Noreen kuwa abu ɗaya ke yi mata yawo a kai. Ihun Dougie bai ɗaga Len ba. Dukan katako ne ya ɗaga shi.

Ranar Litinin da hantsi, ana buɗe ƙofa, ta koma ita kaɗai. Babu kowa sai Len yana goge sandar tagullar da ake ɗora ƙafa a gindin kanta. Ta tsaya a gabansa har ya ɗago.

"Maigida," ta ce da muryarta, "ba ka ji."

"Me kika ce?"

"Ka gane abin da na ce. Bakina kake kallo."

"Kunnena lafiya lau. Hayaniyar gidan ce kawai."

Ta duba ɗakin, babu ko kyanwa. Sai ta ɗaga tafin hannu ta rufe bakinta, ta ce masa gidansa ya fi kowane gida kyau a Liverpool. Ta sauke hannun ta jira. Len ya tsaya da tsumma a hannu yana kallonta. Can ya ajiye tsumman, ya jawo kujera ya zauna.

Sannan ya fara. Ya ce tun yana saurayi ya yi aiki a wurin ƙera jirage, cikin cikin tukunyar tururin jirgi, guduma na sauka a kan ƙarfe daga safe har yamma. Kunnen hagu ya tafi tun tuni. Na dama ya fara bin sa kaɗan kaɗan. Matarsa Marjorie ce ta rufa masa asiri: in aka yi oda ta maimaita masa da ido ko ta taɓa famfon giyar da ake nufi, in aka yi barkwanci ta yi dariya ya bi ta. Da ta rasu sai ya koma ga madubai, yana satar kallon bakin mutane. Amma idon mutum biyu ne, ɗakin kuwa cike.

"Mai mashaya kunne ne, 'yar'uwa," ya ce. "Ba giya suke zuwa saya ba, tana nan a kowane kanti. Zuwa suke a saurare su. Mutum ya zo ya ce matarsa ta tafi, ni in yi murmushi don na ɗauka maganar ƙwallo yake. An yi haka, wallahi an yi."

"Shi ya sa kake harararmu?"

Ya sunkuyar da kai, sannan ya tuna ya ɗago don ta ga bakinsa. "Ba harara ba ce. Tsoro ne. In na kalle ku sai in ga inda na dosa."

Noreen ta yi dariya, irin wadda take yi a cikin 'yan'uwanta kawai, ba ta damu da yadda za ta fito ba. "Mu ne abin tsoron? Ka ga wanda ya fi mu surutu a gidan nan? Kai da kanka ka gaji da mu."

Shi ma ya murmusa. Sai ta gaya masa yadda hunturun nan ya kasance mata kafin ruwa ya koro su ƙofarsa, yadda takan yini ba ta ɗaga hannu ta yi wa kowa magana ba, har ta fara yi wa butar shayi. Ta ce ba ta san waɗanda suka kafa madubansa ba, ba su kuma san da ita ba, amma sun yi mata abin da danginta ba su yi mata ba, kuma duk Juma'a takan gode musu a ranta. Shi ma tana gode masa, don da bai riƙa goge su ba da tuni sun dushe.

"Babban ɗakin ba shi ne matsalata ba," in ji Len. "Waɗancan ne." Ya nuna ƙananan ɗakunan. "Gilashin nan an yi shi ne don kada a ga na ciki. Su yi ta kira, ban san suna yi ba."

Suka shiga ɗaya tare. Benci ne zagaye da ɗan tebur, an sassaƙa kawunan zakuna a saman ƙofar. A jikin katako, daidai kafaɗar mai zama, Noreen ta ga wani ɗan madanni fari a cikin zoben tagulla. Ta sha ganinsu a babban ɗakin ma, ta ɗauka ado ne. Ta danna, ta dube shi.

"Na kiran mai kawo giya ne, tun zamanin kakanni," ya ce. "Ya mutu kafin in zo. Ƙararrawa ce, me za ta yi mini?"

"Da ƙararrawar ta kaɗa, yaya suke sanin wane ɗaki ne?"

Len ya juya. Ya fita ya ɗauko tsani, ya hau saman kanta ya cire wata tsohuwar kalandar kamfani da ke rataye a can. A bayanta akwai akwati na katako mai fuskar gilashi, da ƙananan tagogi a jere, kowace da sunan ɗaki a ƙasanta da ruwan zinariya. A cikin kowace taga akwai 'yar tuta ja, ƙura ta lulluɓe ta. In an danna a ɗaki, tutarsa ce ke kaɗawa.

Wilf ne ya ce shi zai gyara. Ya rantse ya san waya kamar yadda ya san sunansa. Ya zo da akwatin kayan aiki, ya kwance rabin katakon bayan kanta, wuta ta ja shi ya faɗo daga tsani a kan buhun gyaɗa, fitilun gidan duka suka mutu. Dole aka kira mai gyaran wuta na gaske, wani surukin Bridie, wanda ya yi kwanaki yana bin tsofaffin wayoyi ta cikin silin yana tsine wa wanda ya fara taɓa su. Ɗaki ɗaya bai gyaru ba har yau, wayarsa ta ruɓe a cikin bango. Sauran kuwa suka tashi. Ranar da aka gwada, Len ya tsaya a bayan kanta, Noreen ta shiga ɗakin zakuna ta danna. Da ta fito ta same shi yana kallon tutar tana lilo, yana share hanci da tsumman tambulan.

Abin da ya fi wuya shi ne Dougie. Noreen ta ce wa Len wannan ba aikin waya ba ne, shi zai yi da bakinsa. Ya yi ta jan ƙafa. A ƙarshe ya rufe gidan wata ranar Asabar da rana, ya tafi har mashayar da Dougie ya koma, ya faɗa masa gaskiyar kunnensa, ya dawo da shi. Juma'ar da ta biyo Noreen ta ga sauran a madubi, don Dougie bai gama ba.

"Kurma!" yake cewa, yana nuna Len da tambulan. "Shege, ashe kurma ne! Ni ina can ina tunanin me na yi maka. Har na ce ko don na ce miyar Marjorie ta yi gishiri ne a bikin 'yarku."

"Ka ce ta yi gishiri?"

"Ka ga? Wannan ka ji shi sarai!"

"Bakinka na gani, jaki. Ai ƙofar gari ce, daga tasha ana hango ta."

Dougie ya zagayo gefen kuramen da giyarsa a hannu, karon farko tun da suka fara zuwa. Ya tsaya gaban Wilf ya buɗe baki yana ihu, Wilf ya nuna masa da hannu ya rage, ba amfani. Abin da yake so a koya masa shi ne yadda ake cewa baƙar giya. Wilf ya koya masa. Ya koya masa fara, da rabin kofi, da ƙara ɗaya. Kafin a tashi ya koya masa abubuwan da ba a faɗa a gaban mata, kuma waɗannan ne Dougie ya fi saurin riƙewa. Daga nan 'yan dako suka gano mutum yana iya yin oda daga kujerarsa ba tare da ya tashi ba, ya ɗaga yatsu kawai a madubi, kuma wannan ya yi musu daɗi fiye da kima. Ranar da 'yan ƙwallon garin masu jar riga suka kara da masu shuɗiya, aka zagi juna da baki da hannu har gidan ya rasa wa ke ji wa ba ya ji.

Ba komai ne ya daidaita ba. Wasu tsofaffin abokan ciniki ba su dawo ba, sun ce gidan ya zama makaranta. Noreen ta raka Len asibiti aka ba shi na'urar kunne, ya tsane ta, ya ce kuka take yi masa kamar buta, yawanci tana aljihunsa. Hannuwansa manya ne masu tauri, maganar hannu ba ta zauna musu da sauƙi ba, kuma akwai ranakun da yakan gaji ya koma ƙarshen kanta ya yi shiru, kowa ya ƙyale shi. Amma da bazara ta zo bai mayar da gidan ba. Ya sa hannu a kan hayar wasu shekarun, ya kuma gaya wa mutumin kamfani cewa duk wanda zai taɓa madubi ɗaya sai ya fara ɗauke shi.

A ƙarshen bazarar jikar Bridie ta yi aure, ita da angon duk kurame, suka roƙi a yi walimar a Fitilar Matuƙi. Len ya dafa romon nama da dankali a babbar tukunya, aka jera burodi da jan kabeji a kan kanta. Rana ta fito sosai ranar, ƙubbar ta zubo kore da ja a kan farar rigar amarya. Da aka ci aka ƙoshi, Len ya buga ƙafa a daɓe, kowa ya waiwayo. Ya ce zai yi jawabi, kuma da hannu zai yi shi. Ya yi makonni yana koyo a wurin Wilf a ɓoye.

Ya fara da kyau. Ya yi wa baƙi maraba, ya ce gidan nan gidansu ne. Gumi na zuba a goshinsa. Sannan ya juya ga ango da amarya, ya haɗa yatsu a hankali yadda aka koya masa, da niyyar yi musu fatan zaman lafiya da tsawon rai. Abin da hannuwansa suka faɗa kuwa shi ne, Allah ya ba su 'ya'ya cike da bas, duka masu sanƙo kamar Wilf.

Ɗakin ya kece. Amarya ta kifa kai a kafaɗar ango, Bridie tana dukan tebur, hannuwa sun tashi sama ana karkaɗa su, wanda shi ne tafin kurame. Len ya tsaya yana murmushi, ya ɗauka jawabin ne ya yi armashi, har sai da ya hango Wilf yana ƙoƙarin shigewa ƙarƙashin benci.

Ya zo wajen Noreen. "'Yar'uwa, me na ce?"

Ta share hawayen dariya ta fassara masa. Ya kalli amarya, ya kalli ango.

"To ai ba mummunar addu'a ba ce," ya ce. "Sanƙon ne kawai zan janye."

Ya naɗe hannun riga ya tafi farautar Wilf. Noreen ta ɗauki farantinta ta je ta ƙaro romo tun kafin Dougie ya ga gindin tukunyar.